Inda ɗalibai ke tuntuɓe wajen warware babbar lamba

Duk shekara, da jarabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ta ƙarato, nakan rubuta wa ɗalibaina na karatun yamma a nan Maraɗi lamba 720720 a allo, in ce su warware ta zuwa lambobin da ba su rabuwa sai da 1 da kansu, waɗanda muke kira gagara-rabo a ajinmu. Kuskuren bara shi ne na bana, yaran ne kawai ke canzawa.

Akwai mai fara jerin da 1. Wannan ba ya cin lokaci: 1 ba ta cikin gagara-rabo, daga 2 ake farawa. Akwai kuma mai raba lambar da 2 sau ɗaya ya yi gaba abinsa. A ci gaba da rabawa har ta zama mara: 360360, 180180, 90090, 45045. Sau huɗu ke nan. Sai a tara alƙalumanta, 4+5+0+4+5, a samu 18, wadda 9 ke rabawa, ka ga 3 za ta shiga sau biyu, saura 5005. A raba da 5, saura 1001.

To, a nan ne rabin aji ke ajiye biro.

"Mushe, wannan ba ta rabuwa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ai mara ce, kuma ba ta ƙare da 5 ba."

Ido ya ba shi wannan fatawa, bai gwada komai ba. 1001 ita ce 7 sau 143, ita ma 143 tarko ce, don 11 sau 13 ce. Haka 91 ke kayar da su, alhali 7 sau 13 ce. Ba na yi musu faɗa sosai, don manya ma sun faɗa ramin. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya ɗauka 4294967297 gagara-rabo ce, sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 sau 6700417 ce.

Wanda ya ji wannan sai tsoro ya kama shi, ya shiga gwada 4, 6, 8, 9, yana shirin kaiwa har 1000. Wahalar banza. In 2 da 3 ba su shiga ba, 4 da 6 da 9 ba su da hanya. Kuma gwajin yana da iyaka: 32 sau 32 ya ba da 1024, ya zarce 1001, don haka in ka gwada gagara-rabo har 31 babu wadda ta shiga, aiki ya ƙare. Dalili kuwa, in lamba ta rabu gida biyu, ba yadda za a yi duka biyun su wuce 31 a nan.

Masu na'ura suna da nasu. Wani tsohon ɗalibina da ke jami'a ya zuba lamba mai alƙaluma 18 a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya ga ta ƙare da sifiri uku, ya ce ai 1000 na raba ta. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifiri. Ƙaramar kalkuleta ma haka take yanke wutsiyar lamba. A dubi ƙarshen lambar a takarda kafin a yarda da abin da na'ura ta nuna.

In aka tambayi yawan lambobin da ke raba 720720, wasu sai su ƙirga 2, 3, 5, 7, 11, 13, su ce shida. A dubi sau nawa kowace ta fito, a ƙara ɗaya, a ninka: 2 ta fito sau huɗu, a rubuta 5, 3 sau biyu, a rubuta 3, sauran huɗun sau ɗai-ɗai, kowace 2. Wato 5×3×2×2×2×2, amsa 240, har da 1 da ita kanta lambar.