Yadda za a bi jadawalin gashin cutar kansa (ciwon daji) ba tare da an ci amanar fatar baki ba

Fatar cikin baki tana sabunta kanta cikin mako 1 zuwa 2. Gashin radiyoterafi, wato gasa kansa da haske mai ƙarfi na na'ura, yana kashe ƙwayoyin da ke haifar da sabuwar fata a can ƙasa, ta sama kuma tana ci gaba da zubewa kamar kullum. Shi ya sa kwanakin farko ba a jin komai, sai daga baya miki ya bayyana.

Ku fara da sanin jadawalinku. Wanda aka saba a kansar kai da wuya shi ne Gy 2 a rana (Gy shi ne ma'aunin yawan gashin), kwana 5 a mako, har Gy 70 cikin mako 7. Baki yakan yi ja a mako na 2, fararen gyambuna su fito wajen Gy 30, a mako na 5 kuwa sukan haɗe. Abin da ya fi tasiri a kan fatar shi ne yawan gashin da ya taru a kowane mako. Bayan kamar mako 2 ƙwayoyin da suka tsira sukan ƙara saurin hayayyafa, hutun ƙarshen mako kuma yana ba su sarari. Idan aka koma zaman gashi 6 a mako, ko aka haɗa da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa), lalacewa takan riga gyara, miki ya yi tsanani kuma ya daɗe.

Idan sau 2 a rana ake yi muku, misali Gy 1.2 kowane zama, ku tabbata akwai aƙalla awa 6 a tsakani. Lafiyayyun ƙwayoyi na bukatar wannan lokaci don gyara raunin da suka samu.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne majinyaci ya ɗauki hutu da kansa saboda zafin baki. Bakin zai ɗan sarara, amma daga wajen mako na 4 ƙwayoyin kansar ma suna hanzarta hayayyafa, kowace ranar da aka tsallake tana cinye amfanin kusan Gy 0.6. In an rasa zama, a sanar da likita a ranar. Ana iya ramawa a ƙarshen mako, ko a yi zama 2 a rana ɗaya.

Aikin gida shi ne a taimaki baki ya jure har ƙarshe. A ga likitan haƙori aƙalla mako 2 kafin a fara. A zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri da 1 na garin soda na girki (baking soda) a ruwa lita 1, a kuskure baki sau 4 zuwa 6 a rana. A yi amfani da buroshi mai laushi, a bar taba, giya, yaji da abinci mai zafi. Maganin ciwo a sha shi kafin cin abinci, kada a jira zafi ya kama. Zazzaɓi, kasa haɗiye ruwa ko saurin ramewa na bukatar ganin likita nan take.

Bayan zaman ƙarshe miki yana iya ƙaruwa na kwana 7 zuwa 10, musamman a gajeren jadawali. Yawanci yakan warke cikin mako 2 zuwa 6. Wanda ya wuce haka sai an duba shi.