Yadda nake koya wa 'yan ajina kalmar materialise

Ranar wata Talata, a ajin manya da nake koyar da Turanci bayan Isha'i a Aboabo, wata tela ta miƙo min jarida ta nuna wata kalma da farce. "Malam, wannan materialise ɗin, sayen yadi ne?" Aji ya tuntsure da dariya. Ni ban yi ba, don tambayarta da hujja. A Kumasi in ka shiga kasuwar Kejetia ka ce material kake nema, layin masu yadi za a nuna maka. Kuma saiwar kalmomin biyu ɗaya ce, materia ta Latin, wato katako ko duk abin da ake ƙera wani abu da shi. Na ce, "Hajiya, ai kin kusa. Yadi ba taɓa shi ake yi ba? To materialise shi ne abin da ke baki ko a takarda ya fito fili har a taɓa shi." Gani ya kori ji ke nan.

Kafin ka sa ta a jimla, fara da tambayar kanka: an jira abin nan? Kalmar ta abin da aka sa wa rai ce, alkawari, kwangila, biza, ruwan shuka, kuɗin da ɗan'uwa ya ce zai aiko daga Jamus. Misalin da nake bayarwa kullum shi ne madatsar Akosombo. Tun 1915 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya kawo shawarar a datse kogin Volta a samu lantarki. Ba a fara gini ba sai 1961, Nkrumah kuma ya buɗe ta a Janairun 1966. Kusan shekara hamsin maganar tana takarda. A nan sai ka ce "The dam finally materialised" bakinka cike. Amma in taya ta fashe maka a hanyar Tafo, happen za ka ce, don ba wanda ya zauna jiran fashewarta.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne wajen mai aiki. Ƙanena ya taɓa kawo min takardar neman gurbin karatu, ya rubuta "I will materialise my plans". Na soke. Ya ce, "Yaya, a ƙamus fa na gani." Gaskiyarsa, wasu ƙamus sun kawo irin wannan amfani, amma da wuya ka ji shi a bakin masu harshen, kuma mai karantawa zai ji banbaraƙwai. Hausa ta riga ta raba mana gardamar. Muna da tabbata, muna da tabbatar. Alkawari ya tabbata. Ni na tabbatar da shi. Materialise 'yar gidan tabbata ce: abin ne ke zuwa da ƙafarsa, ba wani ke kawo shi ba. Saboda haka kada ka ɗora mata abu a gaba, kada kuma ka ce "was materialised", kamar dai yadda ba ka cewa "an tabbata alkawari". In kai ne mai aikin, sai ka ɗauki carry out ga shiri, fulfil ga alkawari, achieve ko realise ga buri. Mafarki da fata kuwa, come true ta fi zama musu daidai.

Yanzu ɗauki jarida ka lura, za ka fi ganinta tare da korewa: did not, never, failed to. Shi ne namu ya sha ruwa, ko ta leƙo ta koma. Kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS, wato Eco, tun 2003 aka so a fara, aka yi ta ɗagawa har aka tsayar da 2020, ita ma ta wuce, sannan a taron Accra na 2021 aka sake sa 2027. Duk ranar da ta shige, jimla ɗaya masu sharhi ke juyawa: "The Eco failed to materialise." A ganina abin da ya sa manya ke sonta shi ne ba ta kama sunan kowa. Abu dai bai zo ba, ba a ce wa ya hana shi ba. Kai ma ka mori wannan. In ana jan ka a kan biyan kuɗi, rubuta "The payment has not materialised" ya fi "You have not paid me" sanyi. Sai dai tana ɗauke da ɗan habaici a ƙasa. Ni ba zan rubuta wa surukina ita ba.

Tana da ma'ana ta biyu, ta bayyana kwatsam kamar an jefo mutum. Wannan ta yaɗu ne a ƙarni na 19, lokacin da Turawa ke zaman kiran ruhohi. Yau raha ake yi da ita: ka nemi yaron trotro, wato motar haya, ka rasa lokacin canjinka, lokacin karɓar kuɗi kuwa "he materialised".

Rubutu ba wuya. Ingila ta fi sa s, Amurka z, mu a Ghana mun fi bin Ingila. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takarda. Wajen faɗa, a danna gaɓa ta biyu: ma-TI-ri-ya-laiz.

Kafin mu tashi na ce kowa ya kawo jimla daga sana'arsa. Hajiya tela ta daɗe tana ciza biro, sannan ta karanta: "The balance for the Sallah dress never materialised." Na ce daidai ne, ba gyara. Ta ce, "Malam, Turancin ne daidai. Sidi ɗari da hamsin ɗina fa har yanzu yana waje, kuma mai rigar tana cikin ajin nan."