Yadda nake gano huda a zugazugin tsohuwar kyamara

Kyamarata Graflex mai cin fim mai girman inci 4x5 ƙirar Amurka ce, amma zafin Yamai ya busar mata da zugazugi, wato baƙar jakar nan mai ninki-ninki da ke tsakanin gilashin gaba da fim. Kafin ka sayi irinta, jira dare, ka cire gilashin baya, ka ja zugazugin har ƙarshe, ka kunna tocila a ciki. Duk inda haske ya leƙo huda ce, galibi a kusurwar ninki. In za ka toshe hudar, ɗiga mata baƙin fentin yadi da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan, sau 2. Bar shi ya kwana a miƙe. Ni na taɓa gaggawar naɗewa, ninkin ya manne, na kwana ina cizon yatsa. Salatif kuwa, zafi ɓare shi yake. In hudar ta yi yawa, mai kaya ya rage maka kuɗin sabon zugazugi.