Mataccen dodo mai rikiɗa: kurakuran da sababbin jagororin wasa suka fi yi

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Sabon jagoran wasa zai tara 'yan wasansa a tebur, ya ɗauko dodon da ya fi kowanne daɗin tafiyarwa, wato mataccen da ya tashi daga kabari yana yawo da fuskokin mutane, sai ya lalata shi da hannunsa. Wasan Dungeons & Dragons, inda jagora ke ba da labari kowane ɗan wasa kuma yana tafiyar da jarumi guda, ya fito tun 1974, bugu na biyar kuma ya zo a 2014, kuma dokokin wannan bugun na 2014 zan riƙa ambata, amma kurakuran duk wasan da kake bugawa iri ɗaya ne.

Babban kuskure shi ne rikiɗa marar alama. Jagora yana ganin idan 'yan wasa suka kasa gano dodon, to ya yi gwaninta. Wace gwaninta? Kai ne idonsu, kai ne kunnensu, abin da ka faɗa kaɗai suke gani a wannan duniyar. Idan ka ce musu mai masauki mutum ne lafiyayye, ka hana su ko da ƙyallin shakka, sannan tsakar dare ya yage fuskarsa ya kashe biyu daga cikinsu, ba ka yaudare su da dabara ba, ɓoye musu bayani ka yi. Tsoron da ake nema daga wannan dodo yana zuwa ne lokacin da ɗan wasa ya dafe kai ya ce, "Kai! Ai tun ɗazu na lura bai taɓa abincinsa ba." Idan babu abin da zai tuna, haushi kawai zai ji, kuma yana da gaskiya.

Ni al'adata, kafin in zana ƙarfinsa ko makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, sai na rubuta alamomi uku da ba ya iya ɓoyewa. Hannunsa sanyi ƙalau idan aka gaisa. Dawaki suna haniniya su ja da baya idan ya shigo barga. A daren sanyi kowa numfashinsa na fita kamar hayaƙi, ban da shi. Ina sakin su ɗaya bayan ɗaya cikin bayanin wuri, ba tare da na canza murya ba, domin da zarar ka rage murya ka ƙura wa mutane ido, ka tona asirin da kanka. Sannan ina ɗaure rikiɗar da sharaɗi: sai ya ci daga gawar mutum kafin ya ɗauki kamanninsa, kuma bayan kwana uku fatar ta fara sakewa a gefen muƙamuƙi, dole ya nemi wata. Wannan ba dokar littafi ba ce, tawa ce, amma tana ba 'yan wasa sawun da za su bi: kaburburan da aka tone, mutanen da suka ɓace, da lokacin da yake ƙure wa dodon. Tatsuniyoyin Larabawa ma da suke maganar gul mai cin gawa a sahara, mai rikiɗa ya zama kura ko mace don ya janye matafiyi daga hanya, sun bar masa alama: ƙafafunsa kofaton jaki ne.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa cinye mini tebur guda, shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga ana yin sa. Wata 'yar wasa ta ƙirƙiri jaruma mai ƙane guda, ta rubuta tarihinsa da hannunta, duk garin da suka sauka sai ta aika masa da wasiƙa. Ni kuwa na kashe yaron a ɓoye, na sa dodon a madadinsa, na bar ta tana hira da shi zama bayan zama. Ranar da na bayyana gaskiya ina jiran a yi ihu, sai ta ajiye fensirinta a kan takardar, ta tambaye ni, "Yaushe ya mutu? Ina nake a lokacin?" Ba ni da amsa, domin ban taɓa ba ta damar cetonsa ba. Ba ta sake zuwa ba, sauran ma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ɗan wasa ya gina da kansa amana ce a hannunka. Idan kana son dodon ya ɗauki fuskar wanda suke ƙauna, to ka sa haɗarin a gabansu, su ga an sace mutumin, su sami zarafin bin sawu, su makara ko su ci nasara da ƙoƙarinsu. Idan kuwa jarumin ɗan wasa kake son musanyawa, ka kira mai shi gefe ka nemi yardarsa, ka bar shi ya buga dodon da kansa. Wanda ya yarda zai yi maka abin da ba za ka iya ba. Wanda ya ƙi, ka ƙyale shi, kada ka sake tayar da maganar.

Sai masu soke dokoki don kare sirrinsu. Ku ji tsoron Allah! Barden da ake kira paladin yana da baiwar jin matacce mai yawo a tazarar ƙafa 60 muddin ba shamaki ne ya rufe shi gaba ɗaya ba, kuma sau ƙalilan yake iya amfani da ita kafin ya yi dogon hutu. Mutum ya zaɓi wannan jarumi domin irin wannan rana, ya kashe baiwarsa, sai ka ce masa "ba ka ji komai ba" don kawai labarinka bai kai inda kake so ba. Wannan zalunci ne. Dodo mai wayo shi ne zai guje wa barden, ya yi magana ta bayan ƙofa, ya aiko ɗan aike. Dokokin ma taimakonka suke yi idan ka karanta su: sihirin matakin farko na warkar da rauni ba ya aiki a kan matacce, don haka ka yi tunanin mai addu'ar tawaga ya ɗora hannu a kan raunin abokinsu, raunin ya ƙi rufewa. Ruwa mai tsarki yana ƙona shi, sihirin hasken wata kuma yana iya mayar da mai rikiɗa siffarsa ta asali. Ka bar waɗannan su yi aikinsu.

Wajen jefa ƙwayar lido mai fuska 20 don gane maƙaryaci, ni nake jefa wa ɗan wasa a bayan shamaki, inda ba ya gani. Wanda ya ga ya jefa ƙaramar lamba kamar 3 aka ce masa ya yarda da mutumin, ya riga ya san akwai lauje cikin naɗi. Wasu jagororin ba su yarda da jefawa a ɓoye ba, ni dai haka nake yi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ba shi siffa goma, uku sun isa, ka kuma bar ƙarfinsa yadda yake a kowace siffa don kada faɗa ya tsaya kana lissafi. Kada ka haɗa masa karanta zuciya da tashi sama da shan jini, ka zaɓi guda. Ka san abin da yake nema, ko gado ne da aka hana shi ko wanda ya binne shi da rai, domin wannan ne zai gaya maka fuskar wa zai sata. Idan asirinsa ya tonu, ya gudu ya shige taron kasuwa, ba ya tsaya a yi ta sara har ya faɗi ba. Kuma sau ɗaya ake fito da shi a dogon labarin da ake bugawa zama bayan zama, in ba haka ba 'yan wasanka za su koma watsa wa duk baƙon da ya yi musu sallama ruwa mai tsarki, babu sauran wanda za su yarda ya raka su ko bakin gari.