Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙi Na Hurricane Daga Kwali Har Zuwa Fenti

Wanda ya buɗe kwalin samfurin jirgi a karon farko yakan ɗauka cewa gam ne zai yi masa aikin, sai ya shiga manne sassa tun kafin ya gama duba takardar bayani. A nan ne yawancin ɓarna take farawa, domin gam ɗin wannan aiki ba ya ba da damar komawa baya. Wannan bayani zai bi matakan haɗa samfuri guda ɗaya, wato jirgin yaƙin Ingila mai suna Hawker Hurricane a ma'aunin 1:72, kuma duk wanda ya iya haɗa shi zai iya haɗa sauran jirage masu farfela guda.

Na zaɓi wannan jirgi ne saboda dalilai biyu. Na farko, sassansa ba su da yawa, jikinsa kuma ba shi da lanƙwashe-lanƙwashe masu wahala. Na biyu, yana da tarihi a ƙasarmu. Bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila, sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana a yau, a haɗa su a can, sannan matuƙa su bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce N'Djamena ta yanzu, El Fasher da Khartoum har zuwa Masar. An fara wannan jigila a watan Satumban 1940, kuma Hurricane yana cikin jiragen da suka fara bin hanyar. Sydney Camm ne ya tsara shi, ya fara tashi a ranar 6 ga Nuwamba 1935, an kuma ƙera fiye da 14,000.

Mataki na farko: fahimtar ma'auni da zaɓen kwali

Lambar 1:72 da ke jikin kwali tana nufin an rage komai sau 72, ta yadda inci ɗaya a samfurin yake matsayin ƙafa shida a jirgin gaske. Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, wato mita 12.19, saboda haka samfurin zai fito da faɗin kusan santimita 17, abin da zai zauna a tafin hannun babban mutum. Akwai ma'aunin 1:48 wanda ya fi girma, sassansa sun fi daɗin riƙewa ga mai raunin gani, amma ya fi tsada, ya fi cin fenti, kuma kuskure ya fi fitowa fili a jikinsa. Kamfanin Airfix na Ingila, wanda Nicholas Kove ya kafa a 1939, yana da Hurricane a ma'aunan biyu, haka nan Arma Hobby na Poland yana da nasa a 1:72, sai dai na Arma Hobby ya fi ƙananan sassa, shi ya sa ban cika ba ɗan koyo shawarar farawa da shi ba. Wanda yake son jirgin da ya yi aiki a hamada ya nemi kwalin da aka rubuta Trop ko Tropical a kansa, domin irin wannan yana da matatar iska a ƙarƙashin hanci wadda take hana yashi shiga injin.

Mataki na biyu: kayan aiki

Kayan ba su da yawa. Ana buƙatar ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai tsini da kaifin reza, sanfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, hantsaki, tsinken sakace, robar ɗaure kuɗi, 'yan fegin shanya, tef na takarda, da burushi biyu masu laushi, ɗaya mai faɗi ɗaya mai tsini. Gam kuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu zai zo nan gaba.

Mataki na uku: wanki da yanka

Sassan suna zuwa ne manne da wani firam na roba, kowanne da lambarsa a gefensa. Kafin a taɓa komai, a wanke firam ɗin gaba ɗaya da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe da kansa, saboda maiƙon da ya taho da shi daga masana'anta da na yatsu suna hana fenti kamawa. Kada a ɓalle sashe da hannu ko a murɗe shi, domin yakan taho da rami a jikinsa. A yanke shi da filaya ɗan nesa da jikinsa, sannan a share ɗan ƙullun da ya rage da wuƙa, a bi da sanfefa. Kada kuma a yanke sassa duka a lokaci guda, tunda lambar tana jikin firam ne, kuma ƙafar dama da ta hagu sukan yi kama har mutum ya kasa bambance su. Ƙananan abubuwa irin su sandar tuƙi an fi yanke su a cikin leda mai haske, domin idan suka yi tsalle suka faɗa ƙasa, samunsu sai an sha wahala.

Mataki na huɗu: gwaji kafin gam

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Robar da ake yin waɗannan samfura da ita ana kiranta folistarin, gam ɗinta kuma ba manne abu yake yi kamar gam ɗin takarda ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su gauraya su zama abu ɗaya. Ma'anar wannan ita ce duk karkatar da aka bari a lokacin mannewa ta zauna ke nan, kuma duk ɗigon da ya sauka a kan fiffike zai ci wurin ya bar tabo.

Saboda haka a haɗa kowane sassa biyu a bushe tukuna. A ɗauki ɓarin gangar jirgi na dama da na hagu a haɗa su, a riƙe su da tef, a ɗaga su zuwa hasken taga a duba ko haske yana ratsawa ta tsakaninsu. Idan yana ratsawa, a buɗe a nemi abin da ya tokare. Sau da yawa ɗan ƙullun roba ne a gefe, ko kuma ƙaramin turken da aka yi don daidaita sassan ne ya ɗan goce, wanda ba laifi ba ne a yanke shi gaba ɗaya idan shi ne ke kawo matsala. Bayan haka a ɗora fukafukai a kan gangar, har yanzu ba gam, a duba saiwar fiffike inda take haɗuwa da jiki. Idan mazaunin matuƙi ya cika faɗi yakan buɗa gangar ya hana fiffike zama daidai, kuma gyaran wannan a yanzu aikin minti biyar ne da sanfefa, alhali bayan an manne sai a kwana biyu ana ciko.

Mataki na biyar: mazaunin matuƙi

Ana fenta cikin jirgi kafin a rufe gangar, domin burushi ba zai shiga ba daga baya. Cikin jiragen Ingila na wancan zamani kore ne mai toka-toka, wanda a fentin Humbrol yake da lamba 78, allon agoguna kuma baƙi ne. Ba sai an ɓata lokaci mai yawa a nan ba, tunda a wannan ma'auni kujera da allon kaɗai ake hangowa ta gilashi. Abin lura ɗaya shi ne a kankare fenti daga duk inda gam zai taɓa, saboda gam ɗin ba ya narkar da roba ta bayan fenti.

Mataki na shida: mannewa da ɓatar da layi

Gam mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin, ya fi na cikin tub sauƙin sarrafawa. Ana haɗa sassan biyu ne tukuna, sannan a taɓa bakin burushin gam a kan layin haɗin, sai ya bi layin da kansa ya shige ciki. A jira daƙiƙa kaɗan, a matsa a hankali har wani siririn zaren narkakkiyar roba ya ɓullo a kan layin. Kada a goge wannan zare, domin idan ya bushe aka kankare shi, shi ne zai cike layin ba tare da an sa komai ba. A kiyaye yatsu daga kan layi a lokacin, tunda gam ɗin yana bin ƙarƙashin yatsa ya buga zanen ɗan yatsa a jikin jirgi. A ɗaure gangar da robar kuɗi, a matse fukafukai da fegi, a buɗe taga saboda warin, a bar shi ya kwana.

Washegari a kankare layin da gefen wuƙa, a bi da sanfefa daga 400 zuwa 1000, ana ɗan jiƙa ta. Inda rami ya rage a cike shi da fila ta samfura, wadda aikinta ɗaya ne da filar da masu gyaran jikin mota suke shafawa kafin fenti. A Hurricane akwai wurin da ake taka-tsantsan: bayan gangar jirgin na gaske ƙyalle ne aka shimfiɗa a kan siraran katakai, shi ya sa samfurin yake da layuka masu tudu daga bayan matuƙi zuwa jela. Wanda ya saki hannu da sanfefa zai share su, jirgin ya rasa kamanninsa. A liƙa tef a gefe da gefen layin haɗin, a bar tazarar da ba ta wuce milimita biyu ba, a goge tsakanin kawai. Kafin gam ɗin jela ya bushe, a kalli jirgin ta gaba da ta baya a tabbatar ƙananan fukafukan jela sun kwanta daidai da juna.

Mataki na bakwai: murfin gilashi

Jirgina na farko a nan ya lalace. Na ɗiga gam mai narkarwa a gefen murfin mazaunin matuƙi, kafin na ajiye burushi ya yi fari fat kamar gilashin motar da ta kwana cikin hazo, kuma babu abin da ya dawo da shi. Sufagulu ma tururinta yana yin irin wannan ɓarna. Farin gam na kafintoci shi ne daidai: a ɗebo kaɗan da tsinken sakace, a shafa a gefe, a ɗora murfin, a share abin da ya fito da jiƙaƙƙen auduga, idan ya bushe ba a ganinsa. Daga nan a rufe fuskokin gilashin da 'yan guntayen tef, a bar sandunan firam ɗin murfin a buɗe don su sha fenti.

Mataki na takwas: fenti

Jiragen Ingila da suka yi Yaƙin Birtaniya a 1940, wato gumurzun sama da jiragen Jamus, suna da ruwan ƙasa mai duhu da kore mai duhu a sama, wato lamba 29 da 30 a Humbrol. Waɗanda suka yi aiki a hamadar Masar da Libiya daga baya an musanya musu koren da launin yashi, ƙarƙashinsu kuma shuɗi. Takardar cikin kwali tana nuna zanen da lambobin, ita za a bi.

Fentin da ya fito daga gwangwani ya yi kauri da yawa. A motsa shi sosai da tsinke, a ɗebi kaɗan a murfin kwalba, a tsinka shi har ya yi kamar madara, da ruwa idan na ruwa ne, da tina idan na mai ne. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare har mutum ya ji kamar ya ɓata aikin, amma haka ya kamata ya kasance, kuma babban kuskure shi ne komawa da burushi kan wurin da bai bushe ba. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin yana binne siraran layukan da ke jikin fukafukai. A fara da launi mai haske, wato na ƙarƙashin jirgi, sannan launin yashi, sannan mai duhu, a zana iyakokinsu da fensir a hankali kafin a shafa. Fentin mai yana son a ba shi kwana guda tsakanin shafi da shafi, na ruwa kuwa awa ɗaya ko biyu ta isa.

Mai aiki a ƙasa mai zafi yana da ƙarin matsala biyu. A watannin bazara fentin ruwa yakan bushe a bakin burushi kafin ya kai jikin jirgi, saboda haka da sassafe ko bayan isha'i ya fi. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, don haka da zarar an gama shafi a kife roba mai tsabta ko kwali a kan jirgin, a kuma kashe fanka.

Mataki na tara: tambura

Tamburan, wato alamomin da ake liƙawa a jikin jirgin, suna zuwa a kan takarda, kuma ruwa ne yake sakin su. Idan aka ɗora su a kan fenti marar sheƙi, iska takan maƙale a ƙarƙashinsu, gefensu ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Maganin wannan shi ne a fara shafa wa jirgin fenti mai sheƙi marar launi, a bar shi ya bushe. A yanko tambari ɗaya, a tsoma shi a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa goma, a ajiye shi a kan tsumma har ya fara santsi a kan takardarsa. A jiƙa wurin da zai zauna, a kawo takardar kusa, a zamar da shi da jiƙaƙƙen burushi, a daidaita, sannan a danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Masu amfani da ruwan Micro Sol, wanda yake tausasa tambari ya kwanta cikin layukan jiki, za su ga ya yamutse bayan an shafa, kuma taɓa shi a wannan hali yana yaga shi, sai a ƙyale shi ya miƙe da kansa.

Mataki na goma: ƙananan sassa

Bayan tamburan sun kwana, a goge shatin ruwa, a rufe jirgin da fenti marar launi marar sheƙi. Sai yanzu ne ake manna ƙafafu, tayoyi, farfela, bututun hayaƙi da sandar eriya, waɗanda da an sa su tun farko da sun karye sau da dama. Farfelar baƙa ce, bakin kowane reshe kuma rawaya. Wanda yake son jirgin ya nuna alamar aiki zai iya goga bakin fensir a kan sanfefa, ya ɗebi garin da busasshen burushi ya ja shi daga bututun hayaƙi zuwa baya, kaɗan kawai. A ƙarshe a bi gefen tef ɗin gilashi da bakin wuƙa a hankali don kada fenti ya taso tare da shi, a ɗaga shi da hantsaki, a kuma kankare duk fentin da ya ɓuya ƙarƙashinsa da tsinken sakace, wanda ba ya karce gilashi.