Yadda ake kare ganyen alkama da fumfuna mai amfani

Duk manomin alkamar rani, ko a Kadawa yake ko a fadamar Haɗejiya, ya san cutar tsatsa, wato ɗigo-ɗigon nan masu ruwan goro da ke fesowa a kan ganye, waɗanda idan aka shafa su da yatsa sai ƙurarsu ta manne a hannu. Fumfuna ce take haddasa ta, kuma a cikin dangin fumfuna ne aka samo wadda ake kira Trichoderma, wadda tun 1932 masani Weindling ya nuna cewa tana afka wa 'yan uwanta masu cutarwa. Takan naɗe su ta narkar da jikinsu, sannan idan ta zauna a saiwar alkama tana zaburar da garkuwar shukar har zuwa ganye.

Aikin yana farawa ne tun wurin sayen Trichoderma, wadda take zuwa a matsayin gari a cikin leda. Garin da ke cikin ledar abu ne mai rai, saboda haka a duba ranar ƙarewar wa'adinsa, a kuma guji wanda aka baje a rana a bakin shago, domin zafi yana kashe shi.

Kafin shuka, wadda aka fi so a yi daga tsakiyar Nuwamba, a yayyafa wa iri ruwa kaɗan wanda aka jiƙa ƙaro a ciki don garin ya kama. Sai a cuɗa da ma'aunin da ke jikin leda, galibi tsakanin giram 4 zuwa 10 a kowane kilo, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Idan an riga an wanke irin da maganin kashe fumfuna, wanda sau da yawa ake gane shi da jan launi, a tuntuɓi malamin gona tukuna.

Feshin ganye ya fi buƙatar kula, domin iskar hunturu busasshiya ce, alhali wannan halitta sai da laima take rayuwa. A yi shi da yamma liƙis, bayan an yi ban-ruwa. A wanke famfon feshi tas, musamman idan an taɓa zuba guba a ciki, a yi amfani da ruwan rijiya maimakon na famfo mai kulorin, sannan a tace haɗin da ƙyalle don kada bakin famfon ya toshe. A fara tun cutar ba ta bayyana ba, a maimaita yadda aka rubuta a leda, a kuma tabbata an jiƙa ganyen ƙarshe na sama, wanda shi ne ya fi ciyar da zangarniya.

A ganina kuskure ne a ɗauki wannan hanya a matsayin magani, domin riga-kafi ce, kuma ta fi tasiri a kan iri mai jure tsatsa. Idan cutar ta riga ta hau ganyen sama, sai a koma ga maganin feshi irin su propiconazole, ba tare da an gauraya shi da Trichoderma a famfo ɗaya ba. Wanda zai gwada a karon farko ya bar fangali biyu ko uku ba tare da ya sa musu komai ba, ya auna amfaninsu daban ranar sussuka.