Yadda ake amfani da sauti mai sanyi wajen koyon Larabci a Saudiyya

Bahaushen da ya zo Jidda ko Makka neman abinci, ko ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, yawanci sai dare yake samun zaman bitar Larabci, bayan gajiya ta gama cin jikinsa, a ɗakin da mutum huɗu ko biyar suke kwana, wannan yana waya da gida, wancan yana dariya da abin da yake kallo. A irin wannan hali ne sauti mai sanyi yake da rana, domin yana danne hayaniya, yana kuma tattaro hankali wuri guda.

A zaɓi sautin da babu magana a cikinsa. Kunne yana bin kalmomi ko mutum bai so ba, saboda haka waƙar Hausa ko ta Larabci za ta riƙa kokawa da abin da ido yake karantawa. Kiɗan ud, wato molon Larabawa, ko na sarewa mai tafiyar hawainiya, wanda bugunsa yake tsakanin 60 da 80 a minti ɗaya, kwatankwacin bugun zuciyar mai hutawa, ya wadatar. A shekarun 1970 wani likita ɗan ƙasar Bulgeriya, Georgi Lozanov, ya shahara da karanta wa ɗalibai darasin harshe ana sa musu kiɗa mai sanyi, ko da yake an zuzuta hanyar tasa fiye da abin da bincike ya tabbatar. Wanda ba ya sauraron kiɗa saboda addini, kuma suna da yawa a cikinmu, sai ya sa sautin ruwan sama ko na igiyar teku, aikin ɗaya ne.

A rage ƙarar har ta zama idan an kira sunan mutum zai ji. Sannan a ware minti 20 zuwa 25 bayan sallar Isha'i, a ɗauki kalmomi goma kacal daga waɗanda aka tsinta a ranar, a rubuta ta kasuwa kusa da ta littafi: mai shago a Jidda zai ce "dahhin" inda malami yake cewa "al'ana", wato yanzu, zai ce "abga" a maimakon "uridu", wato ina so. Washegari a fara da na jiya kafin a ƙara sababbi, a kuma riƙe sauti iri ɗaya kullum, domin da an ji shi zuciya ta san lokacin karatu ya yi.

Amma idan aka zo gyaran furuci, a kashe komai. Harshenmu ba ya rarrabe haruffan Larabci na ainun da hamza, alhali "amal" da ainun aiki ne, da hamza kuwa buri ne, kuma kunne ba zai kama wannan bambanci ba sai ɗaki ya yi tsit, an saurari Balarabe, an maimaita a bayyane, an naɗi muryar kai a waya an kwatanta.